Tukunyar Narka Mushe: Amsa Ga Mai Gonar Kaji Da Shanu

Tambaya: Wani mai gona daga wajen Zariya ya aiko yana cewa: "Likita, ina da kaji masu ƙwai, da 'yan shanun turka, da tafkin tarwaɗa biyu. Kusan kullum sai yara sun tsinci matattun kaji a keji. Watan jiya kuma wani sa ya kwana lafiya lau, aka wayi gari ya mutu, muka ja shi bayan gona muka bar shi can. Ɗana ya ce a ƙasashen Turawa ba a zubar da mushe, dafa shi ake yi a inji a fitar da mai da garin abincin dabbobi. Yaya abin yake? Zan iya yanka duro in riƙa dafa nawa ina ba kifi da kaji? Ko kuwa in sa jari in kafa injin?"

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri a kan san da ka rasa, ya kuma tsare sauran. Ɗanka gaskiya ya gaya maka, sai dai bai kai ƙarshen labarin ba. Batun duro, kada ka fara. Batun kafa inji kuwa akwai magana, amma ba mushen gonarka ne zai riƙe shi ba. Kuma a duk tambayarka babu abin da ya tsaya mini a rai kamar san nan da aka bari a bayan gona. Zan dawo kansa, domin shi ne na gaggawa.

Sana'ar da ɗanka yake nufi Turawa na kiranta rendarin, kuma tushenta ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mahauci yana narka kitse a tukunya, ruwan ya ƙone, man ya taso, a tace kakide a bar ƙanzon a ƙasa, to ya ga uwar wannan sana'a. Bambancin shi ne can dabbar ce sukutum ake narkawa, da ƙashinta da hanjinta, kuma zafin da ake ba ta ya wuce abin da murhu ke iya bayarwa.

Ga yadda abin ke tafiya a ƙasa irin Ingila ko Jamus. Saniya ta mutu a gona, mai ita ya buga waya, cikin kwana ɗaya ko biyu mota ta zo, mai rufaffen baya wanda ba ya yoyo. A ɗaura wa mushen sarƙa a ƙafa, inji ya ja shi ciki, a rubuta lambar da ke kunnensa. In saniyar ta haura wata 48, sai an ɗebi wani yanki na ƙwaƙwalwarta don gwaji. A masana'anta a juye shi cikin wani rami na ƙarfe, daga nan ya faɗa injin da ke farfasa shi gunduwa-gunduwa. Sai tukunya, wata doguwar ganga ta ƙarfe da tururi ke zagaye jikinta, a cikinta akwai muciya mai juyawa. Nan ruwan jikin dabbar ke tashi ya bar kitse da nama da ƙashi. A tsiyaye man, a matse sauran a injin matsa irin na masu matsar gyaɗa, abin da ya rage ya fito kamar tunkuza, a niƙe shi ya zama garin nama da ƙashi. Shi kansa tururin da ya fita ba a sakinsa haka, domin warinsa kaɗai ya isa ya tayar da unguwa. Sai an sanyaya shi ya koma ruwa an tace, iskar kuma an ƙona ta ko an bi da ita ta matattara.

Kusan kashi 60 cikin 100 na abin da aka zuba ruwa ne, sauran kuma kitse da gari kusan raba daidai, gwargwadon ƙibar dabbar. Garin yana da furotin wajen kashi 50 cikin 100, ga sinadaran ƙashi masu ƙarfafa ɓawon ƙwai, shi ya sa masu haɗa abincin dabbobi suka daɗe suna sonsa. Man kuma a da kyandir da sabulu ake yi da shi, yanzu kuma har man mota ake tacewa daga cikinsa.

To ina duro ya gaza? A wurin zafi. Tukwanen masana'anta suna aiki tsakanin digiri 115 zuwa 145 a ma'aunin Salshiyas. Ƙa'idar da Tarayyar Turai ta fi dogara da ita ta ƙayyade abu huɗu: kada gunduwa ta wuce milimita 50, zafi ya kai digiri 133 har cikin tsakiyar gunduwar, ya zauna haka minti 20 ba yankewa, kuma a ƙarƙashin matsin tururi da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 3. An sa sharaɗin girman gunduwa ne domin nama ba ya saurin isar da zafi cikinsa. Ko a girkin gida ka san yadda bayan tsoka ke dahuwa alhali jikin ƙashi da sauran ja. Ruwa a buɗaɗɗen duro kuwa ba zai taɓa wuce digiri 100 ba, ko ka ƙone masa itacen daji guda. Wannan zafin yana kashe ƙwayoyin cuta da dama, amma akwai waɗanda in sun ji wuya sai su naɗe kansu cikin wani kwanso mai tauri su yi lamo, kamar iri a rumbu. Irin waɗanda ke haifar da gubar shanyewar jiki suna iya jure sa'o'i a cikin tafasasshen ruwa, su farfaɗo bayan abin ya huce.

Kuma ko a ce dafuwar ta yi, akwai abin da ke biyo baya. A masana'anta an raba gida biyu, ɓangaren ɗanye da ɓangaren dafaffe, kowanne da ma'aikatansa da takalmansa da sheburansa, saboda an daɗe da gane cewa ƙwayar salmonela, mai jawo gudawa, da ake samu a garin yawanci bayan dafuwa take komawa ciki. A gonarka yaro ɗaya ne zai ɗauko mushen, ya sassara shi a ƙasa, ya dafa, ya shanya a buhu ƙudaje na bi, sannan da hannun nan da takalmin nan ya koma keji kwasar ƙwai. Ka ga ka buɗe wa cuta hanya daga matacciyar kaza zuwa bakin mai rai, kuma da kuɗinka na itace.

Yanzu ga rabin labarin da ɗanka bai kai ba. Su kansu Turawan wannan gari ya taɓa ƙona su ƙuna mai tsanani. Shekaru da dama a Birtaniya ana narka ragowar shanu da tumaki, har da mushe, ana zuba garin a abincin shanun madara da maruƙa. A Nuwamban 1986 aka tabbatar da wata sabuwar cuta: saniya ta riƙa firgita, tana tangaɗi, tana faɗuwa, in an duba ƙwaƙwalwarta a ga ta huhhuje kamar soso. Ita ce aka sani da cutar haukan shanu. Abin da ke jawo ta ba ƙwayar cuta ba ce irin wadda aka saba, wani gurɓataccen furotin ne da ake kira firayon, wanda Stanley Prusiner ya samu kyautar Nobel a 1997 saboda bincikensa a kai. Wannan abu ba ya jin tafasa. Ko dafuwar nan ta digiri 133 rage ƙarfinsa take yi ƙwarai, ba ta gama da shi ƙarƙaf. Abin da bai kai giram 1 ba na ƙwaƙwalwar saniya mai cutar ya isa ya harbi maraƙi, kuma sai ya yi shekara 4 ko 5 kafin alama ta bayyana. Saboda haka saniya ɗaya ta mutu, a narka ta, a rarraba ta a buhunan gonaki da yawa, waɗancan su kamu, su mutu, su ma a narka su. Tukunyar da aka kafa don tsafta ita ta zama mai yaɗa annobar.

A Yulin 1988 gwamnatin Birtaniya ta hana ba shanu da tumaki irin wannan gari, amma ɓarnar ta riga ta yi nisa. A 1992 kaɗai an samu shanu wajen 37,000 da cutar, jimilla kuma ta haura 180,000, aka hallaka fiye da miliyan 4 don a tare ta. Ranar 20 ga Maris 1996 ministan lafiya Stephen Dorrell ya tsaya a majalisa ya ce akwai alamar cutar ta tsallaka zuwa ga mutane ta hanyar nama. Mutum 178 ta kashe a ƙasar, yawancinsu matasa. Aka rufe wa naman shanun Birtaniya ƙofa a Turai, takunkumin bai gama ɗagewa ba sai 2006. Duk lokacin da na ji mai gona yana cewa ai wuta tana kashe komai, wannan tarihin nake tunawa.

Daga nan aka sake tsarin baki ɗaya. Tun Janairun 2001 Tarayyar Turai ta hana sa garin naman dabba a abincin duk wata dabbar kiwo. Sai a 2013 aka ɗan sassauta wa kifi, a 2021 kuma aka yarda a ba kaji na alade, a ba alade na kaji, amma har gobe ba a ba dabba garin jinsinta, kuma ba a ba mai tuƙa, wato shanu, tumaki da awaki, ko kaɗan. Dokarsu mai lamba 1069 ta 2009 ta kasa duk ragowar dabba gida uku. Na farko shi ne mafi haɗari: ƙwaƙwalwa da lakar gadon bayan manyan shanu, da mushen shanu da tumakin da ba a cire musu waɗannan sassan ba. Wannan in an narka, garinsa wuta ake kai shi, galibi murhun kamfanonin siminti ko tashar lantarki, man kuma ya zama makamashi. Na biyu ya haɗa da kaji da aladun da suka mutu a gona, su kuma bayan dafuwar matsi sai taki ko makamashi. Na uku ne kaɗai ke shiga abinci, shi ne ragowar dabbar da aka yanka a mayanka, likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Har wani sinadari ake zuba wa garin gida na farko da na biyu a matsayin shaida, domin in wani ya karkatar da shi zuwa abinci gwaji ya tona shi.

Ka lura da wannan da kyau, Alhaji. A Turan da ɗanka yake ba ka misali da ita, kazar da ta mutu da kanta ba ta komawa bakin kaza, ko da ta bi ta tukunyar da ta fi duronka nesa ba kusa ba. Kuma ba a sayen mushe a hannun mai gona, shi ne ke biyan kuɗin a zo a ɗauke masa, domin tun 2003 aka hana binne mushen dabbar kiwo a gona, in ban da wasu wurare masu nisa da aka keɓe.

Amurka ta fi sassauci. Can ana iya narka mushen gona ya shiga abincin kaji, alade, ko karnuka, sai dai tun 1997 an hana ba masu tuƙa garin naman shanu da tumaki, daga 2009 kuma aka hana ƙwaƙwalwa da lakar shanun da suka kai wata 30 shiga kowane irin abincin dabba. Su ma sun ga nasu. A 2017 da 2018 sai da aka janye wasu abincin karnuka daga kasuwa, saboda an samu maganin allurar da likitoci ke kashe dabba marar lafiya da ita a ciki. Maganin ya ratsa dafuwa bai lalace ba. A Beljiyam kuma a 1999 wani gurɓataccen mai ya shiga kitsen da ake haɗa abincin kaji da shi, aka kwashe kaji da ƙwai daga kantunan ƙasar. Wuta tana kashe mai rai, amma guba ba ta da ran da za a kashe. Saniyar da ta lashi tsohon batirin mota ta mutu, dalmar batirin tana nan a hantarta da ƙodarta da ƙashinta. Kazar da aka yi kwana biyar ana ɗura wa magani kafin ta mutu, wani kaso na maganin yana nan a jikinta. In ka ba tarwaɗa, ka sayar da tarwaɗar, to ka san inda abin zai ƙare, a kwanon wani da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai lissafin jari. A ce kaza 10 kake rasawa a rana, kowace kilo 1.8, ka ga kilo 18 ke nan, wanda in an ƙone ruwansa garin da zai rage ba zai wuce kilo 5 ko 6 ba. Babban kuɗin wannan sana'a yana wajen ƙone ruwan, wato man tukunyar tururi, sai lantarki, sai gyaran ruwan datti da kashe wari. Masana'antun can suna tsayawa da ƙafarsu ne domin kullum tan-tan ke shigo musu daga mayanka da gonaki ɗaruruwa. Ga kuma yanayinmu. Can saniya ta kwana biyu a sanyi ba ta ɓaci ba. Nan a watan Afrilu wadda ta mutu da asuba kafin la'asar ta kumbura tam, ƙafafu sun miƙe sama. Ruɓaɓɓen mushe kuwa man da ke fita daga gare shi ya yi tsami, garin ya yi baƙi, ko a can farashinsa faɗuwa yake yi. Bayan haka, in har kana rasa kaza 10 kullum, matsalarka ba ta wajen zubarwa ba ce tukuna. A garken masu ƙwai mai lafiya, mutuwar 5 zuwa 10 cikin 1,000 a wata guda ita ce ba ta tayar da hankali. In taka ta wuce haka, ɗauki biyu ko uku da suka mutu yanzu-yanzu, ka sa a leda da ƙanƙara, ka kai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a buɗe su a gani. Kusa da kai yake.

In kana da jarin kuma zuciyarka na kan wannan sana'a, ka juya ka dubi kwata. Je ka tsaya a kowace babbar mayanka tamu da hantsi ka ga jinin da ke bin kwalbati, da tulin ƙashi da ƙaho da kofato, da hayaƙin da ke tashi inda ake ƙona ƙashi a fili. Abin da muke kira garin ƙashi a kasuwar abincin kaji yawancinsa ƙonannen ƙashi ne, kitsen da furotin ɗin sun bi hayaƙi. Jinin kuma a tafasa shi a duro a shanya a ƙasa. Duk wannan daga dabbar da aka yanka ne da sunan Allah, kuma kullum ana samunsa a wuri ɗaya, ba sai ka bi gonaki da mota ba. Nan ne ƙaramar tukunya mai matsin tururi za ta iya biyan kanta, kuma nan nake fatan in ga masu kuɗinmu da sabuwar ma'aikatar bunƙasa kiwo da aka kafa a 2024 sun sa ido. Sharaɗina guda ne ga duk mai shiga: garin da ya fito daga shanu, tumaki da awaki kada ya koma bakin shanu, tumaki da awaki, komai tsadar dusa da ƙuli-ƙuli.

Akwai kuma fuskar addini, wadda kai da masu sayen kayanka ba za ku tsallake ta ba. Haramcin mushe a bayyane yake a Baƙara aya ta 173 da Ma'ida aya ta 3. Hadisi ya yi rangwame a kan fata in an jeme ta, ya kuma yi tsanani a kan cinikin kitsen mushe, sannan akwai hani game da dabbar da ta mayar da ƙazanta abincinta. Kafin ka sa ko kwabo a harkar da za ta kai ka ga sayar da abin da ya fito daga mushe, zauna da malaminka ka zayyana masa yadda aikin yake dalla-dalla.

To yaya za ka yi da kajin da ke mutuwa yau da gobe? Abin da na fi ba masu gona shawara shi ne a mayar da su taki, kuma kayan aikin duk kana da su. Ka keɓe wuri nesa da keji da rijiya, mai daɓe da rumfa, ka kewaye shi yadda kare ba zai shiga ba. Shimfiɗa garin katako ko ɓuntun shinkafa mai kaurin santimita 30. Jera kajin ɗaya kusa da ɗaya ba tare da sun hau juna ba, ka bar tazarar taƙi guda daga gefe. Rufe su da kashin kaji da ɓuntu kamar santimita 15, ka yayyafa ruwa daidai yadda in ka damƙa zai dunƙule amma ba zai ɗiga ba. Gobe ka ɗora wani layin, haka har ya kai ƙirjinka, sannan ka yi masa rufin ƙarshe mai kauri. Cikin 'yan kwanaki tsakiyarsa zai ɗau zafi, digiri 55 zuwa 65. In ba ka da dogon ma'auni, soka rodi ka bar shi ɗan lokaci, in ka zaro ka kasa riƙe shi da hannu to aiki na tafiya. Bayan mako biyu ka juya shi ya sake ɗaukar zafi. A wata ɗaya zuwa biyu ba za ka tarar da komai ba sai 'yan ƙasusuwa masu rugurgujewa da baƙin taki. In ka ji wari ko ka ga ƙudaje, rufin ne ya yi kaɗan ko ruwa ya yi yawa. Ana yi wa saniya ma haka, da shimfiɗa da rufi na santimita 60, sai dai ita tana cin wata 6 zuwa shekara, kuma sai wadda aka san abin da ya kashe ta.

Takin nan na gona ne, ba na bakin dabba ba. Na faɗi haka ne domin na san da yawa cikin masu turka suna ba shanu kashin kaji. An taɓa kirana wata gona inda shanu uku suka kwanta a mako guda. Babu zazzaɓi, ido garau, amma ƙafafun baya sun ƙi ɗauka, harshe ya zazzago, yawu na zuba, ga abinci a gabansu sun kasa haɗiya. Muka zazzage buhun kashin kajin da ake ba su, sai ga busasshiyar kaza a ciki, ta lanƙwashe kamar tsohon takalmi. A cikin irin wannan gawar ƙwayar nan ke haɗa gubar da ke shanye jiki, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kayar da bijimi. Babu ko ɗaya da ya tashi cikin ukun. Haka ma kaji in suka tsattsagi tsutsar da ta fito daga mushe, sai ka ga wuya ya saki, kai na jan ƙasa.

Ranar da ka shiga keji ka tarar da matattu da yawa a lokaci ɗaya, tukku ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, ƙafafu da ɗigon jini a ƙarƙashin fata, to ka dakatar da komai. Kada kaza ko ƙwai ko buhu ya fita, ka kira ofishin likitan dabbobi na jiha. Waɗannan alamun murar tsuntsaye ne. Mugun nau'inta na H5N1 ya fara bayyana a Afirka ne a nan kusa da kai, a wata gona da ke wajen Jaji a Fabrairun 2006, cutar ta dawo a 2015, ta sake dawowa a 2021. Abin da ya fi yaɗa ta shi ne gaggawar sayar da masu rai da jefar da matattu a bola.

Binnewa tana nan ga babbar dabba, in an yi ta yadda ya kamata. Rami ya kai zurfin mita 2, a samu aƙalla mita 1 na ƙasa a saman mushen, kada gindin ramin ya taɓa ruwa. A nisanci rijiya da burtsatse da mita 250, rafi kuma da aƙalla mita 30, kuma kada a haƙa a fadama ko inda ruwa ke kwanciya da damina. Mu da muka taso muna ganin ungulaye sun yi dafifi a kan rufin kwata mun saba da cewa daji yana share mushe da kansa. Yaushe rabonka da ganin ungulu goma a wuri guda? Irin wadda muka saba gani a gari, tun 2015 take cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A Indiya wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, dikilofenak, shi ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsunan ungulayensu, har aka hana ba dabbobi shi a 2006, karnukan bola kuma suka gaje musu mushen. Mu ma yau karnuka ne magadan, su kuwa ba sa cinyewa a wurin, ja suke yi su kai ƙafa nan, hanji can, har bakin rijiya.

Wannan ya dawo da ni kan sanka. Dabbar da ta kwana lafiya ta wayi gari a mace tana iya zama kumburin ciki ne daga cin hatsi da yawa, ko harbin daji, ko guba, ko maciji. Amma mu likitoci an koya mana mu fara ɗaukarta a matsayin ciwon saifa, wato antaraks, har sai gwaji ya wanke ta. Alamunsa su ne baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci, baki ko dubura, gawar ta kumbura da wuri, kuma ba ta sandare sosai ba. Irin wannan ba a feɗe shi, ba a buɗe cikinsa, ba a jansa a ƙasa, kuma ko masana'antar narkarwa ba ta karɓarsa. Dalili shi ne muddin gawar na rufe, ƙwayoyin suna mutuwa cikin 'yan kwanaki tare da ruɓewarta. Da zarar jini ya sha iska sai su shiga kwanson nan, su zauna a ƙasa shekaru aru-aru. Tsibirin Gruinard na Sikotlan da sojojin Birtaniya suka yi gwajin wannan ƙwaya a kansa a 1942 sai da aka wanke ƙasarsa da famalin, wani ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, a 1986, ba a ce ya tsarkaka ba sai 1990. Kuma cutar tana kusa da mu: a Yunin 2023 ta ɓarke a arewacin Ghana, a Yuli kuma aka tabbatar da ita a wata gona da ke Gajiri, ƙaramar hukumar Suleja, a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, bayan gwaji a cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom.

Saboda haka ga abin da nake so ka yi a makon nan. Tara yaran da suka ja san, ka tambaye su ko sun ga jini a hancinsa ko bayansa, ko wani ya sa masa wuƙa, ko an cire fatar an sayar. Duba hannayensu da wuyansu ko akwai wani ƙurji marar zafi mai baƙar tsakiya da kumburi a gefe. In akwai, a tafi asibiti yau, a kuma gaya wa likita cewa mutumin ya taɓa mushe. Ka killace inda san ya faɗi, da hanyar da aka ja shi, da inda aka yar da shi, kada dabba ta yi kiwo a nan. Kada kowa ya tattara ƙasusuwan da hannu ko ya sayar wa masu ƙona ƙashi. Kira likitan dabbobi na yankinku ya zo ya ɗebi abin da zai iya ɗiba don gwaji, sannan a tara itace a ƙone ragowar a inda take har ta zama toka, tare da ƙasar da ke ƙarƙashinta. Sauran shanun a yi musu rigakafin ciwon saifa, Vom na yin allurar, sau ɗaya ake yi a shekara, kuma an fi so a yi kafin ruwa ya sauka. Kada a haɗa ta da allurar kashe ƙwayoyin cuta a lokaci guda, domin tana karya ta. Tunda na turka ne, ka tambayi likitan kwanakin da za ka jira bayan allurar kafin ka kai su kara.